Wa Ya Tambayi Mutumin Nguru da Gashuwa? Ra'ayin Jama'a, Harshe da Dokar Kare Bayanai

Gabatarwa

Abubuwa uku sun faru a ƙasar nan cikin mako biyu a daminar 2024, waɗanda idan aka jera su za su nuna wa mai karatu inda wannan maƙala ta dosa. Ranar 19 ga Yuli hukumar da ke kare haƙƙin masu saye da lura da gasar kasuwanci, wato FCCPC, ta ci kamfanin Meta tarar dalar Amurka miliyan 220. Meta shi ne mai Facebook da Instagram da WhatsApp, laifin da aka kama shi da shi kuwa shi ne ɗibar bayanan 'yan Nijeriya da rarraba su ba tare da cikakkiyar yardarsu ba. Bayan 'yan kwanaki sai kamfanonin waya suka toshe layukan mutane masu ɗimbin yawa, wai bayanan da ke kan layin ba su yi daidai da na lambar NIN ba. Jama'a suka yi cincirindo a ofisoshin kamfanonin, a Legas har aka karya shingen wani ofishi. Ba a je ko'ina ba hukumar sadarwa ta NCC ta ba da umarni, ranar 29 ga Yuli, a buɗe layukan. Ranar 1 ga Agusta kuma aka fara zanga-zangar tsadar rayuwa, wadda aka yi ta yayatawa ta waya, abin ya kai gwamnatin Yobe ta sa dokar hana fita ta awa 24 a Potiskum da Gashuwa da Nguru.

Duk wanda ke zama a majalisar bakin titi ko teburin mai shayi a Nguru ko Gashuwa zai shaida cewa abu na biyu da na uku an tattauna su har an gaji. Na farkon kuwa, ko da yake an ce don mu aka yi shi, ya zo ya wuce kamar ba a yi ba. Me ya sa aka toshe layi na kwana biyu gari ya ɗauka, amma aka ce an yi shekaru ana kwasar bayananmu babu wanda ya ko ɗaga kai? A tsarin dimokuraɗiyya ana cewa doka daga ra'ayin jama'a take fitowa, kuma da shi take samun ƙarfi. Wannan maƙala za ta duba yadda aka yi dokar da za ta ja wa manyan kamfanonin intanet linzami a Nijeriya ta zo ba tare da wannan ra'ayi ba, da kuma inda harshe ya shigo cikin lamarin, tun da shi ne fagenmu.

Abin da Kamfanonin ke Ɗauka

Hausawa kan ce banza ba ta kai zomo kasuwa. Babu wanda ke biyan ko sisi don ya buɗe Facebook ko WhatsApp, amma a shekarar 2024 kuɗin da ya shiga aljihun Meta ya haura dala biliyan 160, kuma kusan dukkansa daga talla ya fito. Mai talla ba ya son ya yi shela a tsakiyar kasuwa kowa ya ji. Ya fi son a kai tallarsa gaban wanda ake zaton zai saya, shi ya sa yake biyan kamfanin da ya san shekarun mutum, da garinsu, da irin wayarsa, da abin da ya tsaya ya kalla, da abin da ya wuce bai kalla ba.

A ɗauki misalin mai sayar da bandar kifi a Nguru. Garin nan tun da layin dogo ya iso shi daga Kano a 1930 yake cin kasuwa da na nesa, yau kuma waya ce ta maye gurbin wasiƙa da ɗan aike. Zai ɗauki hoton kwali, ya tura wa abokin cinikinsa a Kudu ta WhatsApp, su yi ciniki da saƙon murya, kuɗi ya shigo ta wajen mai POS. Gaskiya ne tun 2016 WhatsApp ke kulle saƙonni ta yadda kamfanin da kansa ba ya iya karanta su ko sauraron su. Sai dai akwai abin da kullen bai rufe ba, wato lambar da ake mu'amala da ita, da lokacin, da yawan mu'amalar, da irin wayar, da yankin da take. Wanda ya san ƙofar da kake bugawa kowane dare ai ba sai ya ji hirar da aka yi a ciki ba.

Akwai kuma abin da ba a cika lura da shi ba. Lokacin da manhaja ta nemi izinin duba lambobin da ke cikin wayarka ka danna mata, ba naka kaɗai ka bayar ba. Ka haɗa da lambar kakarka da ke Dagona ko Jajimaji, wadda ƙaramar waya ce a hannunta, ba ta taɓa ganin Facebook ba, ba a kuma tambaye ta ba.

Rigimar da ta jawo tarar 2024 ta samo asali ne a Janairun 2021, lokacin da WhatsApp ya aiko da sababbin sharuɗɗa game da musayar bayanai da Facebook, ya ce ko a amince kafin 8 ga Fabrairu ko a rasa damar amfani da shi. Duniya ta yi ca, miliyoyin mutane suka koma Signal da Telegram, dole kamfanin ya ɗaga wa'adin zuwa 15 ga Mayu. Mazauna Turai sun sami sharuɗɗa masu sauƙi fiye da namu saboda dokarsu, wannan bambanci na daga cikin abin da FCCPC ta kafa hujja da shi bayan binciken da ya ɗauki wata 38.

Matsalar Suna

An sha faɗa cewa mutanenmu ba su damu da sirri ba, wai wannan damuwar Turawa ce. Wanda ya faɗi haka bai kalli gidan Bahaushe ba. Zaure shi ne iyakar baƙo. Bayansa akwai shigifa, an kuma karkata ƙofofin yadda na waje ba zai hango tsakar gida ba. A jikin bango sai ka ga an rubuta “ba shiga”. Ko ɗan uwa ne sai ya yi sallama an amsa, addini ma ya zo ya ƙarfafa neman izini kafin shiga gidan wani, ya hana bin diddigin mutane. Mace na ɓoye cikinta har sai ya fito da kansa, ana ɓoye sunan jariri sai ranar suna, uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, makiyayi ba ya faɗin yawan shanunsa. Mu da muka tashi da Badanci a gida, Hausa a kasuwa da makaranta, mun tarar da akasarin waɗannan al'adu a ɓangarorin biyu, haka ma maƙwabtanmu Mangawa da Fulani. Al'ummar da ta ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba ba ta buƙatar a koya mata darajar ɓoye magana.

A ganina cikas ɗin yana wajen sunan da aka ba abin. Kalmar da Turawa ke amfani da ita ga bayanan da kwamfuta ke adanawa ita ce “data”. Wannan kalma ta riga ta shigo Hausa, amma da wata ma'ana. A Gashuwa idan yaro ya ce ba shi da data, yana nufin abin da ake saye a loda a waya don a hau intanet ya ƙare masa. Ana sayen ta, ana tura wa budurwa ita, tana ƙarewa. Saboda haka idan aka ce wa mutum gwamnati ta yi dokar kare data, abin da zai fara zuwa ransa shi ne an hana kamfanonin waya zuƙe masa abin da ya saya da kuɗinsa. Zai ma yi murna, amma a kan wani abu dabam.

'Yan jarida sun kauce wa wannan ta hanyar cewa “bayanan sirri”. Ita ma tana da nata cikas har biyu. Na farko, a labaran rediyo “bayanan sirri” shi ne abin da jami'an tsaro ke tattarawa a kan 'yan bindiga da 'yan ta'adda. Mutumin Yobe da ya shekara fiye da goma yana jin wannan furuci a labaran rikici, in ya ji an ce “kare bayanan sirri” zai ɗauka magana ce ta soja da 'yan sandan ciki, babu ruwansa. Na biyu ya fi wannan zurfi. A Hausa sirri shi ne abin da aka ɓoye, sau da yawa ma abin da fitarsa zai jawo kunya. To suna ba sirri ba ne, lambar waya ba sirri ba ce, kowa a unguwa ya san gidanku da sana'arka. Shi ya sa da ka ɗauko zancen sai a ce maka, “Ni me zan ɓoye? Ba na sata, ba na neman matar kowa.” Amsar daidai ce bisa ma'anar kalmar. Kalmar ce ta kasa ɗaukar abin da ake nufi, domin haɗarin yana cikin tarawa ne. Sunanka a bakin maƙwabci ba komai ba ne. Amma sunanka da hotonka da zanen yatsanka da lambar bankinka da sunan mahaifiyarka, duk a wuri guda a hannun wanda ba ka sani ba, ya isa a buɗe asusu ko a ci bashi ko a yi rajistar layin da za a nemi kuɗin fansa da shi, duk da sunanka.

Dalilin da ya sa nake ganin matsalar ta suna ce shi ne abin da ya faru da manhajojin ba da bashi. Waɗannan kan ba mutum 'yan dubbai cikin minti kaɗan, bayan ya ba su izinin shiga lambobin wayarsa. In ya yi jinkirin biya sai su aika wa surukansa da malaminsa da abokan aikinsa saƙo cewa wane ɓarawo ne. Nan take kowa ya gane, domin Hausa na da sunan wannan: tonon asiri, ko tonon silili. Koke ya yi yawa, a Agustan 2021 hukumar NITDA ta ci kamfanin Soko Lending tarar naira miliyan 10, a 2023 kuma Google ya hana irin waɗannan manhajoji shiga lambobi da hotunan mutane. Izinin da aka danna wa mai ba da bashi shi ne dai irin wanda ake danna wa manyan kamfanoni kullum. Bambancin kawai, ɗaya ya aikata abin da harshe ke da sunansa.

Da za a tambaye ni, da na ce a gina bayanin a kan kalmar “amana”. Wanda ya ba ka ajiya bai ce abin sirri ne ba, cewa ya yi nasa ne. Ba ka da ikon ba wani aro, ko ka yi kasuwanci da shi, ko ka hana shi ranar da ya zo karɓa. Wannan kusan shi ne ruhin dokokin kare bayanai na zamani gaba ɗaya, kuma ɗan shekara bakwai ma ya san mene ne cin amana. “Rufin asiri” ma na da amfani, domin a Hausa ya wuce ɓoye laifi, ya haɗa da mutunci da wadatar zuci, shi ya sa ake roƙon sa a addu'a. Ba na cewa a kori “bayanan sirri” daga bakin 'yan jarida, ta riga ta zauna. Ina dai ganin wajen yi wa jama'a bayani, “amanar bayananka” za ta fi saurin isa.

Sai kuma kalmar “yarda” ko “amincewa”. A shari'ar aure da ciniki da muka sani, yarda na buƙatar mutum ya san abin da ya yarda da shi. Facebook ya sa Hausa cikin harsunansa tun 2016, shekarar da Mark Zuckerberg ya ziyarci Legas da Abuja, amma mutum nawa ne a Karasuwa ko Yusufari suka buɗe shafinsu da hannunsu? Akasari wani yaro ne a shagon cajin waya ko na tura finafinai zai buɗe, shi zai zaɓi kalmar sirri, shi zai danna “na yarda” a madadin mai wayar, a ba shi ɗari biyu. A takardar kamfani an sami amincewa ke nan.

Yadda Dokar ta Zo

Tsarin mulkin 1999 a sashe na 37 ya ba da tabbacin kare sirrin ɗan ƙasa, da gidansa, da wasiƙunsa, da maganarsa ta waya. An rubuta shi kafin wayar salula ta zo a 2001, balle Facebook. A Janairun 2019 NITDA ta fitar da ƙa'idojin kare bayanai, amma ƙa'idar hukuma ba ta kai dokar majalisa ƙarfi ba. Cikakkiyar doka sai a 2023. Shugaba Buhari ya aika wa majalisa ƙudurin a watan Afrilu, aka zartar da shi cikin 'yan makonni, Shugaba Tinubu ya sa hannu ranar 12 ga Yuni. Ita ta kafa hukumar kare bayanai ta NDPC, wadda Dokta Vincent Olatunji ya fara shugabanta.

Abin da zai ba mutumin yankinmu sha'awa shi ne, Majalisar Dattawan da ta zartar da wannan doka ɗan Gashuwa ne ke shugabantarta, wato Sanata Ahmad Ibrahim Lawan mai wakiltar Yobe ta Arewa, wanda ya riƙe kujerar daga 2019 zuwa 2023. Ƙananan hukumomi shida ne a mazaɓarsa: Bade, Jakusko, Karasuwa, Machina, Nguru da Yusufari. An yi zaɓe a Fabrairun shekarar, an yi yawon kamfe, an yi maganar hanya da ruwan sha da ciwon ƙodar da ya addabi Gashuwa da ambaliyar 2022. Kare bayanai bai shiga jerin abin da ake tambayar ɗan takara ba, kuma ba laifin masu zaɓe ba ne, ga abin da ya fi gaggawa a gabansu.

To wa ya tura dokar? Ƙungiyoyin kare haƙƙi irin su Paradigm Initiative sun daɗe suna neman ta. Amma abin da ya sa ta gudu shi ne kuɗi. A 2020 Bankin Duniya da hukumar raya ƙasashe ta Faransa da bankin zuba jari na Turai suka amince da ba Nijeriya dala miliyan 430 don faɗaɗa rajistar NIN, kuma kafa dokar kare bayanai na cikin sharuɗɗan sakin wani ɓangare na kuɗin. Wato mai ba da bashi ya nemar mana abin da mu ba mu nema ba.

A kwatanta wannan da wani ƙuduri da ya zo gaban majalisar guda. A Nuwamban 2019 Sanata Mohammed Sani Musa na Neja ta Gabas ya kawo ƙudurin hukunta yaɗa ƙarya a intanet, wanda aka fi sani da dokar soshiyal midiya. Ya tanadi tara ko ɗauri, da ikon toshe wa mutane intanet. Matasa suka yi masa rubdugu a Twitter da Facebook da gidajen rediyo. Da aka zo jin bahasin jama'a ranar 9 ga Maris, 2020, mafi yawan waɗanda suka yi magana suka ƙi shi, daga nan bai sake motsi ba. Haka aka yi a ƙarshen 2022 lokacin da aka kama wani ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutse kan abin da ya rubuta game da uwargidan shugaban ƙasa na lokacin, ƙungiyar ɗalibai ta yi barazanar zanga-zanga, aka janye ƙarar. Ra'ayin jama'a na aiki a ƙasar nan ke nan. Yana tashi idan za a rufe wa mutum baki ko a yanke masa layi, domin ya san sunan waɗannan.

A Turai da Amurka abin ya bi wata hanya, kuma abin mamaki da Nijeriya a cikin labarin. A Maris na 2018 jaridun Observer da New York Times suka fallasa cewa kamfanin Cambridge Analytica ya sami bayanan masu amfani da Facebook, waɗanda daga baya aka ce sun kai miliyan 87, don aikin siyasa. Cikin abin da ya fito har da cewa an ɗauki hayar mutanen kamfanin a zaɓen Nijeriya na 2015 don su yi wa Muhammadu Buhari ɓatanci, da wani bidiyo mai tsoratarwa da ke nuna zai ƙaƙaba wa ƙasa shari'a da ƙarfi. A can jama'a suka fusata, aka kira Zuckerberg gaban majalisar Amurka, a 2019 aka ci Facebook tarar dala biliyan 5. Dokar Tarayyar Turai ta fara aiki ranar 25 ga Mayu, 2018, da ita aka ci Meta tarar yuro biliyan 1.2 a 2023. Mu da aka yi wasan a zaɓenmu, labarin bai daɗe a bakinmu ba.

Tsakanin Kamfani da Gwamnati

Akwai dalili na biyu da ya sa mutumin Yobe ba ya rawar jiki idan aka ce gwamnati za ta hukunta kamfanin sadarwa. Ya taɓa ganin hannun gwamnati a kan wayarsa. Bayan dokar ta-ɓaci da Shugaba Jonathan ya sa ranar 14 ga Mayu, 2013, an katse layukan waya a Borno da Yobe da Adamawa. Muna yara a lokacin, amma babu wanda ya manta yadda manya ke tsallakawa jihohin maƙwabta don kiran waya ɗaya. Bayan harin makarantar Mamudo kusa da Potiskum ranar 6 ga Yuli, inda aka kashe ɗalibai da yawa, Gwamna Ibrahim Gaidam ya nemi a dawo da layin, yana cewa rashinsa ya hana jama'a kai rahoto. A watan aka dawo da shi a Yobe. A 2021 aka maimaita irin wannan a Zamfara da wasu sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna. A Yunin shekarar kuma gwamnati ta dakatar da Twitter, kwana biyu bayan ya goge wani rubutun shugaban ƙasa, ba a buɗe ba sai 13 ga Janairu, 2022. Kotun ECOWAS ta yanke hukunci a Yulin 2022 cewa dakatarwar ta saɓa wa doka. Wanda ya ga waɗannan, in ya ji “ja wa kamfani linzami” abin da zai fassara shi ne “za a sake rufe mana”.

Bugu da ƙari, babu kamfanin da ya tara bayanan 'yan Nijeriya irin wanda gwamnati ta tara. Rajistar layi da hoto da zanen yatsa ta fara a 2011, BVN a 2014, sai umarnin haɗa layi da NIN a Disamban 2020 zamanin Minista Isa Ali Pantami. A Afrilun 2022 an hana layuka fiye da miliyan 70 yin kira saboda rashin haɗawa. Tun 2021 ɗalibi ba ya rubuta JAMB sai da NIN. Dokar laifuffukan intanet ta 2015 ta wajabta wa kamfanonin sadarwa adana bayanan mu'amalar masu layi na shekara biyu, su miƙa wa jami'an tsaro in an nema. Akwai hujjar tsaro a nan, kuma mu da muka ga rikici ba za mu raina ta ba. Tambayar ita ce yadda aka riƙe amanar. A 2024 an gano shafukan intanet da ke sayar da bayanan NIN, har Paradigm Initiative ta bayyana cewa ta sayi takardar NIN ta ministan sadarwa Bosun Tijani a kan naira 100. Idan na minista ɗari ne, na mai faskare fa?

A ƙasa kuma talauci na yin nasa. Ko'ina aka ce ana rajistar tallafi za ka ga layi, kowa riƙe da takardar NIN da lambar BVN, babu mai tambayar wa ya aiko mai rubutawar. A Yulin 2025 hukumar EFCC ta yi gargaɗi game da dubban matasa da ke sayen irin waɗannan bayanai a hannun mutane a kan naira 1,500 zuwa 2,000, su sayar a kan kusan 5,000 don buɗe asusun damfara. Wanda ya sayar bai ɗauka ya rabu da komai ba, tun da takardarsa na nan a aljihunsa.

Kamfanonin sun san wannan rauni. Bayan kotun sauraron ƙararrakin gasa da masu saye ta tabbatar da tarar dala miliyan 220 ranar 25 ga Afrilu, 2025, ga kuma wata ta dala miliyan 32.8 da NDPC ta ɗora a Fabrairun shekarar kan tallar da ke bin ɗabi'ar mutum, sai aka ji Meta ya shaida wa kotu cewa mai yiwuwa ya rufe Facebook da Instagram a Nijeriya. FCCPC ta mayar da martani cewa dabara ce ta tunzura jama'a don a matsa wa hukuma lamba. Ina ganin ta faɗi gaskiya, kuma dabarar na iya ci. Da za a yi ƙuri'a a kasuwar Nguru tsakanin a bar Facebook ko a karɓi tara, mai sayar da turaren wuta da atamfa ta hoto ta san inda za ta dangwala. Daga shafin take samun na cefane, tarar kuwa asusun gwamnati za ta shiga. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Daga bisani, a ƙarshen 2025, Meta da NDPC suka sasanta tsakaninsu, Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta amince da sulhun. Lauyoyin kamfani da na hukuma ne suka zauna.

Abin da Dokar ta Ba Mu

Duk da yadda ta zo, dokar 2023 na ɗauke da abubuwan da ya kamata ɗalibi ya sani. Mutum na da ikon tambayar duk mai riƙe da bayanansa abin da ya riƙe da dalilin riƙewar, ya sa a gyara kuskure, a wasu halaye ya sa a goge. Yana da ikon janye amincewar da ya bayar. Shiru ba ya zama yarda, saɓanin abin da aka saba faɗa game da budurwa. Idan aka sace bayanai ta yadda za a iya cutar da masu su, wajibi ne a sanar da hukuma cikin awa 72. Babban kamfani da ya karya doka na iya biyan naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin ɗari na kuɗin da ya samu a shekara, duk wanda ya fi yawa. Wanda aka cuta na iya kai ƙara NDPC ko kotu. An dai ware harkar tsaron ƙasa da binciken laifi daga sassa da dama na dokar, wannan ƙofa ce mai faɗi.

Wurin da ya fi shafar mu shi ne inda dokar ta ce neman amincewa ya kasance cikin harshe mai sauƙi da ake ganewa. Ba ta ambaci sunan harshe ba. Lauyan kamfani zai ce sauƙaƙƙen Turanci ya wadatar, amma ana iya kafa hujja cewa ga matar da ba ta jin Turanci babu Turancin da ke da sauƙi. Sashe na 55 na tsarin mulki ma ya ce za a gudanar da harkokin Majalisar Tarayya da Turanci, da kuma Hausa da Ibo da Yarbanci idan an yi tanadin haka, ga shi an haura shekara 25 ana jiran tanadin. Hukumar NDPC ta ɗauki mataki, ta fassara dokar zuwa waɗannan harsuna uku. Abin da ya rage a gani shi ne ko kalmomin da aka zaɓa za su rayu a bakin mutane, domin fassarar da ke cikin takarda a Abuja dabam, abin da za a faɗa a shirin Ra'ayi Riga na BBC ko a huɗubar Juma'a dabam. Gwajin ba shi da wuya, kuma ya isa aikin kundin digiri: a ɗauki “bayanan sirri” da “bayanan kai” da “amanar bayanai”, a shiga kasuwar Gashuwa, a tambayi mutum hamsin abin da suka fahimta da kowanne.

Ga masu Badanci da Manganci da Fulatanci kuwa tafiyar ta fi tsawo, domin Hausar ma aro muka yi, ta bakinta za mu ji labarin. Aikin binciken harsunan Yobe da marigayi Farfesa Russell Schuh na Jami'ar Kalifoniya ya jagoranta tare da masana 'yan jihar ya fitar da ƙamusun Badanci da Turanci da Hausa a 2004, ɗaya na karin Gashuwa, ɗaya na karin yamma, aka sabunta su a 2009. A wancan lokaci wayar da ke hawa intanet ba ta zama ruwan dare a yankin ba. Duk wanda zai ƙara musu shafi yanzu sai ya fara yanke shawarar wace “data” zai shigar, ta saye ko ta mutum.